Amsa: Aikin sa kai kan tarihin jam'iyyar NEPU

Malam, ka tambayi inda za ka fara aikin sa kai na tattara tarihin gwagwarmayar talakawa. Fara da Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano jagoran NEPU, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Takardun zamanin Turawa kuwa sai Kaduna.

Amma a ganina dattawan da suka ga NEPU da idonsu sun fi gaggawa, tun 1950 aka kafa ta, suna ta ƙarewa. Nemi izini kafin ka kunna rikodar waya. Kada ka matsa musu da shekaru, tambayi wane sarki ke kan gado lokacin. Ka saurari 'yan NPC ma, jam'iyyar da NEPU ta yi adawa da ita, da mata, don ba Gambo Sawaba kaɗai aka ɗaure ba.