Amsa: Kokon da ake ƙullawa a leda yana da illa?

Hajiya, kin tambaya ko kokon da yara ke sayowa a leda yana cutarwa. Kina da gaskiya da kika damu. Zafi da maiƙo ne ke sa sinadaran roba su riƙa tsatsowa cikin abinci. Shi ya sa alalen leda ya ma fi damuna, ga manja ga tafasa. Baƙar leda kuwa ki guje ta, galibi tsofaffin robobi ake narkawa a yi ta.

Wasu sinadaran, irin su BPA da ake sawa a wasu robobi, suna taɓa tsarin girma da haihuwa. Tarayyar Turai ta hana BPA a fidar jarirai tun 2011.

Ni dai kofin silba nake ba yarana su sayo koko, alale kuma a ganye nake ƙullawa.