Wannan ɗan gidan wasan, kar ka kai masa burushi

Yarona na ga saƙonka da hotunan. Wai ɗan gidan wasan kwaikwayon nan na katako da takarda da aka kawo shago jiya, tunda takardar gaban ta ɗaga kuma kalar ta koɗe, ko ka shafa farin gam ka danne sannan ka bi shi da sabon fenti? A'a. Ajiye burushin tukuna.

Ka san me ke hannunka kuwa? Abin wasan yaran Ingila ne na da can. Tun wajen 1811 wani William West a Landan yake buga takardu masu hoton ƴan wasa da fage irin na manyan gidajen wasan birnin, yaro ya saya ya yanka da almakashi ya manna a kwali. Wadda ba kala kwabo ɗaya, mai kala kwabo biyu. Cikin waɗanda suka daɗe a sana'ar akwai Benjamin Pollock, yana shagonsa a unguwar Hoxton har ya rasu a 1937. Jamusawa da ƴan Denmak su ma sun yi nasu, to ka leƙa ƙasan takardar da kyau, galibi sunan maɗaba'ar na nan da ƙananan baƙaƙe, kar ka yanke wurin don ka ga gefen ya cinye.

Toh kalar nan da kake raina wa, da hannu aka shafa ta, fentin ruwa ne, kuma abin da ke riƙe shi a jikin takarda ƙaro ne, ƙaron nan dai da ka sani. Shi ya sa ko jiƙaƙƙen tsumma ka goga sai jar kalar labulen da aka zana ta biyo hannunka. Ƙura kawai za ka kaɗe, da busasshen burushi mai laushi, a hankali kamar mai share idon jariri. Koɗewar kuma ba ta gyaruwa, rana ce ta ci, in ka ɗora fentinka a kai ya zama aikinka ba nasu ba, mai shi kuma ba aikinka ya kawo a adana masa ba.

Maganar gam. Farin gam ɗinmu na kujera in ya kama ya kama kenan, ranar da wani zai so cirewa sai dai takardar ta yage. Salatif ma ya fi muni, shekara kaɗan zai bar maka rawayan tabo mai maiƙo da ba ya fita. Ni na taɓa wannan ɓarnar ina yaro a kan wani tsohon hoto, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, maigidana bai ce min komai ba, kwana biyu dai bai ba ni aiki ba. Abin da za ka yi, ka dama sitacin alkama ka dafa shi ya yi kamar koko mai kauri, ya huce, ka tace, ka ɗiba kaɗan a bakin siririn burushi ka zura ƙarƙashin inda ya ɗaga, ka shimfiɗa takarda mai tsabta a kai ka ɗora abu mai ɗan nauyi ya kwana. Kaɗan fa nace, in ya yi ruwa takardar za ta kumbura ta yi tabo. Katakon kuma inda ya saki, gam ɗin fata da ake narkawa a wuta za ka sa, don da irinsa ake haɗa su a da, kuma ɗumi da ɗan danshi na sake shi.

Ramukan da ka gani jere a saman, kar ka cike su da foti, nan ake zura fukafukan fage, wato zanen da ake tsayarwa a gefe da gefe, da bangon baya. Ƴan mutanen kuma a kan ɗan ƙarfe mai doguwar waya ake tsayar da su ana turawa daga gefe. Baƙin da ke bakin dandamalin ma ka bar shi, ba datti ba ne, fitilun gwangwani masu lagwani da mai ake jerawa a wurin, akwai ma wasan da ake ƙarewa da fashewar gidan niƙa, yara su kunna garin da ke ba da jar wuta, Allah kaɗai ya san nawa suka ƙone a haka. In ka kai masa samfefa ka goge shekara ɗari.

Abin da ya fi damuna ma iskarmu ce. An yi shi a ƙasar danshi, ga hunturu na tafe, katako zai tsuke takarda ta tsage. Kar ka bar shi bakin taga ko kusa da janareto, sa shi a kwali ka rufe, ka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, kuma ka sani kyankyaso na son sitaci kamar me. Gobe in na shigo ka dafa sitacin a gabana, mu fara gwadawa a bayan, inda ido ba ya kaiwa.