Babban Minista, Firimiya da Waziri: Wa ke Riƙe da Akalar Jiha?

Wani ɗan kasuwa daga Kano, wanda ya ce ya taɓa kai mahaifinsa asibiti a Indiya, ya rubuto yana tambaya: "Malam, ina yawan jin masu labarai a rediyo suna cewa babban ministan jiha kaza a Indiya. Ni dai na san minista na tarayya ne, jiha kuwa gwamna gare ta da kwamishinoni. Ko kuskuren fassara ne?"

Alhaji, masu labarai ba su yi kuskure ba. Kunnenmu ne ya saba da wani tsari daban. A Indiya kowace jiha cikin jihohi 28 tana da gwamna, amma ba jama'a ke zaɓensa ba, shugaban ƙasa ne ke naɗa shi. Wanda ke riƙe da gwamnati, mai tsara kasafin kuɗi, mai zaɓen ministocin jiha, shi ne jagoran jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisar dokokin jihar. Da Hindi suna ce masa mukhyamantri. Mukhya shi ne babba ko na gaba, mantri kuma mai ba da shawara. Sashe na 164 na tsarin mulkinsu ya ce gwamna ne zai naɗa shi, sai dai hannun gwamnan a ɗaure yake, domin wanda majalisa ba ta so ba zai daɗe a kujerar ba. A yawancin lokuta sarautar gwamnan Indiya ta fi kusa da abin da muke kira je-ka-na-yi-ka: akwai gida, akwai jiniya, akwai sa hannu a takarda, amma akalar tana hannun wani.

Kada kalmar minista ta sa ka raina kujerar. Narendra Modi daga ita ya tashi, ya riƙe Gujarat daga 2001 zuwa 2014 kafin ya zama firaminista. Kuma ba ta da ƙa'idar wa'adi biyu irin ta gwamnoninmu. Jyoti Basu ya zauna a kanta a Bengal ta Yamma daga 1977 har 2000, Pawan Chamling kuwa ya riƙe Sikkim daga 1994 zuwa 2019.

Wani abin dariya a nan, ga mai son tonon asalin kalma: minista a Latin daga kalmar da ke nufin ƙarami ta fito, wato hadimi. Ke nan idan ka ce babban minista, kamar ka ce babban ƙarami ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muka manta cewa mu ma mun yi wannan tsarin, har muna da kalmarsa. Tambayi duk wani dattijo wa ya mulki Jihar Arewa kafin juyin mulkin 1966, zai ce maka Firimiya Sardauna. Sa Ahmadu Bello ya riƙe wannan muƙami daga 1954 har ranar da aka kashe shi, 15 ga Janairu 1966. To a lokacin akwai gwamna a Kaduna. Turawa ne har 1962, na ƙarshensu Sa Gawain Bell, sannan Sa Kashim Ibrahim ya gaje shi. Amma wa ke cewa zamanin Kashim? Zamanin Sardauna ake cewa. Bayan tafiyar Turawa, sojoji ne suka fara haɗa sunan gwamna da cikakken iko, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar da shi da ƙuri'a. Tun daga nan kalmar firimiya ta koma ɗakin ajiya, matasa ma in sun ji ta sai hankalinsu ya tafi ƙwallon Ingila. Indiyawa ma sun yi amfani da ita ga shugabannin lardunansu a ƙarshen mulkin Turawa, suka ajiye ta da tsarin mulkinsu ya fara aiki ranar 26 ga Janairu 1950.

Tambaya ta biyu daga wata ɗalibar Hausa ce a Sakkwato: "Malam, tun da muna da waziri, me ya sa za mu ari minista? Ba gara a ce wazirin jiha ba?"

'Yata, tambayarki ta yi ma'ana, kuma akwai waɗanda suka riga ki wannan tunanin. A Pakistan, da Urdu, firaminista shi ne wazir-e-azam, shugaban gwamnatin lardi irin Punjab ko Sindh kuma wazir-e-ala. A Kashmir ta ɓangaren Indiya ma an yi ta kiran shugaban gwamnatin jihar da sunan firaminista, wazir-e-azam, tun zamanin jagoran siyasar yankin Sheikh Abdullah, sai a 1965 aka rage masa suna ya zama daidai da na sauran jihohi. Kin ga ke nan suna kansa siyasa ne. Gwamnatin tsakiya da ke Delhi ba ta so a ce ƙasa ɗaya tana da firaminista biyu.

Amma fa waziri ma aro ne. Daga Larabci muka samo shi, kuma malaman lugga suna danganta shi da wizr, wato kaya mai nauyi, don shi ke ɗauke wa sarki nauyin mulki. Kin san addu'ar Annabi Musa a cikin Suratu Ɗaha, inda ya roƙi Allah ya sanya masa waziri daga iyalinsa, ɗan'uwansa Haruna. A garinku kuwa ba sai an gaya miki Gidado ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ko Waziri Junaidu ba.

Ga dalilin da ya sa ban goyi bayan wazirin jiha ba. A kunnen Bahaushe, duk inda aka ce waziri sai a waiwaya a nemi sarki. Sarki ya naɗa shi, sarki zai tuɓe shi, darajarsa daga kusancinsa da sarki take. Shi ya sa muke cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade: laifi na mai raɗa ne, iko na mai gado. Babban ministan Indiya kuwa ba a kunnen gwamna ƙarfinsa yake ba, a yawan hannayen da za su tashi masa a majalisa yake. In kika ce masa waziri, kin ba mai sauraro hoton da ba shi ba. Inda kalmar za ta ɗan zauna shi ne Malesiya, don a can jihohi tara suna da sarakunan gado, kuma shugaban gwamnati a irin waɗannan jihohi sunansa menteri besar, wanda a zahiri babban minista ne. Ko a can ɗin ma majalisa ce ke riƙe shi.

Sai dai tarihi ya yi mana wasa da kalmomin nan: Sa Kashim Ibrahim da ya zama gwamnan da ba ya mulki, Wazirin Borno ne kafin nan.

Na uku malamin makaranta ne daga Maraɗi. Ya ce ɗalibansa sun tambaye shi ma'anar "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi", yana son misali na zamani, sannan yana son sanin sheƙar da ke cikin "sauya sheƙa".

Malam, ma'anar a fili take: taron jama'a in sun haɗa kai sun fi mutum ɗaya komai ƙarfinsa. Misalin kuwa ga shi a wannan kujera da muke magana a kai, kuma zai nuna wa yaran cewa sarkin ƙarfi ba ya sallamawa da sauƙi. Tsarin mulkin Indiya yana da sashe na 356, wanda ya ba gwamnatin tsakiya damar rushe gwamnatin jiha ta karɓi riƙon ƙwarya. A 1959 gwamnatin Firaminista Nehru ta yi amfani da shi ta kori gwamnatin 'yan gurguzu ta Kerala, wadda jama'a suka zaɓa a 1957 ƙarƙashin Namboodiripad. Daga baya abin ya zama sanda a hannun duk wanda ke Delhi. Sai a 1994, a shari'ar Bommai, wanda aka tuɓe daga mulkin Karnataka a 1989, kotun ƙoli ta yanke cewa a zauren majalisa ake gwada rinjaye, ba a ofishin gwamna ba.

Nijeriya ta ɗanɗana irin wannan a 1962, lokacin da gwamnan Jihar Yamma, Sa Adesoji Aderemi, ya sauke Firimiya Akintola bisa wasiƙar da 'yan majalisa suka sa wa hannu, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zaure ba. Aka ba hammata iska a majalisa, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, ta tura Dakta Majekodunmi riƙon ƙwarya.

Sheƙa kuwa gidan tsuntsu ce, inda yake ƙwai da ƙyanƙyasa. Wanda ya fara jingina ta ga ɗan siyasa ya iya zaɓen kalma, domin tsuntsu ba ya shawara da bishiya in zai tashi. Wannan ita ce cutar sarkin yawa: yawan da ya ɗora ka da safe yana iya watsewa kafin la'asar. Indiyawa suna da tasu maganar. A 1967 wani ɗan majalisar jihar Haryana mai suna Gaya Lal ya sauya jam'iyya sau uku cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, sai aka yi wasa da sunansa aka ce "Aya Ram, Gaya Ram", wato Ram ya zo, Ram ya tafi. Har yau haka suke kiran masu tsalle-tsalle. Sai a 1985 suka yi dokar da ke raba ɗan majalisa da kujerarsa in ya bar jam'iyyar da ta kawo shi.