Shin yarda da cewa lokaci na sauyawa ya saɓa wa aƙida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na ji masana kimiyya na cewa gudun lokaci ba ɗaya ba ne a ko'ina, har wai mutum na iya tsallakawa gaba ko ya koma baya. Yarda da wannan ya taɓa aƙida?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abu biyu ka haɗa, kuma hukuncinsu daban ne.

Bambancin gudun lokaci dai an auna shi. Einstein ya bayyana a 1905 da 1915 cewa agogon da ke cikin matsananciyar tafiya, ko wanda ke inda ƙarfin jan nauyi ya fi yawa, yana jinkiri. A 1971 wasu masana kimiyya biyu, Hafele da Keating, suka zagaya duniya a jirgin sama da agoguna masu tsananin daidaito, bambancin ya fito. Agogon taurarin ɗan'adam na GPS, tsarin da ke nuna wa waya inda take, kuwa yana wuce na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kullum. Ba don ana gyara shi ba, da taswirar waya ta ɓatar da matafiya. Babu laifi a gaskata wannan, domin lokaci halitta ne, Mahaliccinsa yana tafiyar da shi yadda ya so. Abin da suke kira tsallakawa gaba ma shi ne mutum ya yi jinkirin tsufa a kan waɗanda ya bari, kwanakin ajalinsa kuwa suna nan yadda aka rubuta.

Sai dai ina jan kunnen masu ɗauko ayar Suratul Hajji, mai cewa yini a wurin Ubangiji kamar shekara dubu ne, su ce ai Einstein ke nan. Ayar ta zo ne a kan masu gaggauta azaba, barcin Ashabul Kahfi na shekara 309 ma ba shi da alaƙa da wannan lissafi, alama ce ta ikon Allah. Tafsiri ba a yin sa da sha'awa.

Komawa baya ba wanda ya tabbatar da shi, yana nan a lissafin takarda. Nazarinsa ya halatta. Ƙudurce cewa wani zai warware abin da Allah ya riga ya zartar ɓata ne.

Ibada kuwa da lokacin wurin da mutum yake ake yin ta. Inda dare da rana suka rikice, kamar tashar sararin samaniya mai zagaya duniya kusan sau 16 a yini, sai a ƙaddara salloli biyar cikin awa 24, bisa hadisin Dujal a Sahihu Muslim, inda Annabi (SAW) ya umarci a ƙaddara wa yinin da ya kai shekara gwargwadonsa.

Allah ne mafi sani.