Amsa ga 'yar'uwar da fitsari ke kuɓuce mata tun bayan haihuwa

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa da kika ce tun da kika haihu in kin yi tari ko dariya sai fitsari ya zubo miki, kina tambaya ko yoyon fitsari ne ya kama ki, wallahi da na karanta sai da idona ya ciko. Sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ni ma abin da na sha ke nan.

Nawa bayan haihuwa ta huɗu ya fara. Atishawa, ɗaga bokitin ruwa, ko yunƙurin tashi daga sujada, sai in ji ya zubo. Na koma kullum cikin ƙunzugu kamar mai al'ada. Wata rana a gidan suna na dangin maigida, ɗaki ya cika da mata, aka yi wani zance kowa ya tuntsire da dariya, ni ma na yi, sai na ji ɗumi har ƙafa. Yayar mijina ta ja mayafi ta toshe hanci ta ce, "Wai wane yaro ne ya tsula mana fitsari a tabarma?" Alhali ni take kallo, ta ga zanina. Na kasa tashi, na kasa zama. Bai ishe ta ba, sai da ta je ta ce wa Hajiya ai matar ƙaninta ta zama mai yoyo, gara ya nemi wata. Mace 'yar'uwata, wadda ita ma ta san zafin naƙuda! Har gobe in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Daga ranar na daina zuwa biki, na daina zuwa Islamiyya.

Da na samu ganin likitar mata, tambayarta ta farko ita ce, yaushe yake zubowa? Ta ce in sai an yi tari, dariya ko ɗaukar kaya, yawanci naman da ke riƙe mafitsara ne ya saki saboda ciki da haihuwa. Akwai kuma wanda fitsari zai matse ki farat ɗaya, kafin ki kai bayi ya zubo. Shi kuwa yoyon fitsari na ainihi, wanda doguwar naƙuda ko yankan gishiri ke jawowa, ba ya jiran tari. Dare da rana yake zuba, kina kwance ko kina tsaye. Yadda kika kwatanta naki ya fi kama da nawa, amma sai an duba ki za a tabbatar. In ma ya zama yoyon na ainihi ne, ana gyarawa. Akwai cibiyar Babbar Ruga a Katsina, akwai ta Laure a asibitin Murtala na Kano, akwai Jahun da Ningi, 'yan'uwa na Nijar kuma suna da Danja kusa da Maraɗi. In sabo ne aka je da wuri, wani da robar fitsari kaɗai yake warkewa ba tiyata.

Don Allah kar ki daina shan ruwa don gudun zubar, fitsarin ne zai yi kauri ya ƙara zarni da raɗaɗi. Shayi da kofi da goro da lemon kwalba ne za ki rage. Ni atisayen matse gaba aka koya min: ki matse kamar mai riƙe fitsari da tusa, ki ɗan riƙe, ki saki, sau takwas, safe da rana da dare. Sai an jure aƙalla wata 3 kafin a yanke hukunci. Nawa ya ragu sosai, alhamdu lillahi. Ki kula da taurin bayan gida ma, yunƙuri yana ƙara shi. Masu tallar sassaƙe da maganin matsi kuwa, ki riƙe kuɗinki.

Batun salla na san yana cin ki, don ni kuka nake yi a kan dadduma ina ganin ba ni da tsarki. Ki tambayi malamarku hukuncin mai wannan lalura, addini ya yi mana sauƙi ƙwarai a kan alwala.

Amma in kin ga jini a fitsarin, ko raɗaɗi da zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko mararki ta cika fitsari ya ƙi fita sai ɗigo, ko kina jin wani abu ya sauko ta gabanki, kar ki tsaya a kemis, ki tafi asibiti. In ciwon baya ne tare da mutuwar ƙafa ko rashin jin taɓi tsakanin cinyoyi, a ranar za ki tafi, ko da dare ne. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari kuma, ki sa a gwada miki suga. Kafin ki je, ki yi kwana 3 kina rubuta abin da kika sha da lokutan da ya zubo, zai taimaki likita. In kunya ce, ki nemi likita mace.

Ki ba ni amsa a nan: da dare in kina barci shimfiɗarki na jiƙewa? Kuma naƙudar taki ta daɗe?