Dalilin da ya sa ƙwaƙwalwar ɓangare ɗaya ke cika

Malam, ka ce sabarka (kwamfutar da ke yi wa wasu hidima) mai farosesa biyu ce, amma ƙwaƙwalwar (RAM) ɓangare ɗaya ta cika maƙil, ɗayan kuma fayau, shirinka yana ta jan ƙafa. Ba lalacewa ba ce, halin NUMA ke nan, wato tsarin da ke raba ƙwaƙwalwar na'ura tsakanin farosesoci.

A irin wannan na'ura kowane farosesa da tasa ƙwaƙwalwar a kusa da shi. In ya miƙa hannu zuwa ta maƙwabcinsa, sai ya ɗan jira. Buga umarnin numactl --hardware za ka ga nisan: 10 na gida, na ƙetare sau da yawa 21.

Ga inda gizo ke saƙar. Kanel, wato zuciyar Linux, ba ya ba ka shafin ƙwaƙwalwa (ɗan yanki nata) lokacin da ka kira malloc don neman wuri, sai an taɓa shafin karon farko, kuma a ɓangaren wanda ya taɓa yake ajiye shi. To in zare ɗaya (layin aiki guda a cikin shirin) ne ya cike bayananka duka tun farko, komai ya taru a wuri guda, sauran zaruruwan kuma suna ta ketarawa.

Bar kowane zare ya fara taɓa rabonsa da kansa. In shirin ba naka ba ne, gwada numactl --interleave=all, ya rarraba shafukan. Ni dai na fi son hanyar farko.