Ina so in ɗaga Prado ɗina: me zan saya, nawa zan tanada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Prado ƙirar 2008 mai injin V6. Gonata tana da nisa daga kwalta, kuma da damina manyan motoci sukan haƙa ramuka biyu a hanyar su bar tudu a tsakiya, sai cikin motata ya riƙa dukan ƙasa. Bakanikena ya ce a sa mata sifesa a ɗaga ta inci uku, wani abokina kuma ya ce in yi odar cikakken kit daga waje. Don Allah waɗanne kaya ake canzawa, kuma nawa aikin zai ci? Daga mai karatu a Jalingo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka fitar da ko sisi, ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri ba kaya a ciki, ka ɗauki tef ka auna daga tsakiyar kowace taya zuwa leɓen bodin da ke samanta. Ka rubuta awon ƙafafun huɗu, sannan ka nemi wata Prado irin taka mai lafiyayyar ƙafa ka gwada. Motar 2008 da ta sha ɗaukar buhunan taki da masara, da wuya a ce sifirin ɗinta bai gaji ba. Sau da yawa mai mota yana zaton tsayi yake nema, alhali motar ce ta zauna, sabon sifirin da shokazoba na asali kaɗai za su mayar mata da abin da ta rasa. Prado irin taka ta fito daga kamfani da tazarar kusan milimita 220 tsakanin cikinta da ƙasa, kuma wannan ba kaɗan ba ne.

Abu na biyu, ka shiga ƙarƙashinta ka duba inda ƙasa take gogewa, domin a nan maganar take. Ƙafar gaban Prado kowace taya tana motsi ita kaɗai, a kan hannaye biyu, na sama da na ƙasa. Ta baya kuwa aksul ne guda ɗaya miƙaƙƙe, da tulun giya a tsakiyarsa, wato akwatin da ke raba ƙarfin injin ga tayoyin baya biyu. Idan ka sa dogon sifirin, shasi da bodi da injin da tankin mai duk za su tashi, amma wannan tulun na baya yana nan inda yake, saboda a kan tayoyi yake zaune, ba a kan sifirin ba. Ko inci shida ka ɗaga motar, tudun tsakiyar hanyar nan zai ci gaba da dukansa. In farantin ƙarƙashin injin ne ko tsakiyar shasi ko bambar baya suke gogar ƙasa, ɗagawa za ta yi magani. In tulun ne, taya kaɗai ke ɗaga shi.

Ga lissafin tayar. Yawancin irin motarka da taya mai lamba 265/65R17 suke zuwa, tsayinta kimanin milimita 776. In ka koma 265/70R17, tsayin ya zama 803, wato tulun ya tashi da milimita 13 kacal, tun da rabin ƙarin ne yake ƙasa da aksul. In ka tafi 285/70R17, wadda ake kira inci 33, tsayin 831 ne, ribarka milimita 27. Amma wannan babbar takan gogi mazaunin bodi da ke bayan tayar gaba idan ka karya sitiyari, sai an yanke shi an yi walda, kuma agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya: yana nuna 100 kana kan 107. Ga ƙarin shan mai, ga birki yana aiki da nauyin da ba a tsara masa ba. Naka injin mai lita 4.0 zai iya ja, amma masu Prado mai lita 2.7 su kam su haƙura da ita, motar za ta yi sanyi a hawa. Ni 265/70R17 nake ba mutane shawara, domin galibi tana shiga ba tare da yanke-yanke ba.

Yanzu ga hanyoyin ɗagawar. Sifesa da bakanikenka ya ambata faifai ne na ƙarfe ko alminiyam ko roba mai tauri, ana ɗora shi a saman sifirin kamar gammo. Shi ne mafi araha, saiti guda a kasuwannin waje bai cika wuce dala 100 zuwa 300 ba. Sai dai bai ƙara wa ƙafar komai ba illa tsayi. Tsohon sifirin yana nan da gajiyarsa, tsohon shokazoba yana nan, kuma ƙafar ta rasa wani ɓangare na sararin da take saukowa idan taya ta faɗa rami, shi ya sa za ka ji motar tana bugawa. A lura kuma, a gaba kaurin sifesa ba shi ne tsayin da za a samu ba. Shokazoba a tsakiyar hannun ƙasa yake zaune, don haka faifai mai inci ɗaya yakan ɗaga motar kusan ninki biyu. Bakaniken da bai san wannan ba, ya je wajen mai injin sassaƙa ƙarfe aka yanko masa faifai mai inci uku, ya gama da ƙafar gabanka. Sifesa ƙarami don daidaita gaba da baya ba laifi. Na inci uku a kan kayan 2008, ban yarda da shi ba.

Akwai kuma ɗaga bodi daga kan shasi da 'yan faifai da ake cusawa tsakaninsu. Wannan sarari kawai yake ba taya, cikin motar bai tashi ba, ba shi da amfani ga matsalarka.

Abin da abokinka yake nufi shi ne cikakken kit: shokazoba huɗu masu tsayin da ya dace, sifirin huɗu, da robobin saman shokazoban gaba. Sanannun masu yin su ga Prado su ne kamfanonin Ostareliya irin su Old Man Emu na ARB, da Dobinsons, da Ironman 4x4, sai Bilstein na Jamus. Kit na inci biyu, wato milimita 50, yakan kama tsakanin dala 1,000 zuwa 1,600 a can. Shokazoba masu ɗan tankin mai nasu a gefe irin na King ko Fox ko Icon na Amurka suna kai dala 3,000 zuwa sama da 5,000, amma waɗannan na masu tsere a sahara ne, manomi ba ya buƙatarsu. Wajen oda za a tambaye ka nauyin da motar take ɗauka kullum. Ka faɗi gaskiya. Sifirin mai tauri an yi shi ne don motar da ke da bambar ƙarfe da injin jan igiya da kaya a baya dare da rana. In ka sa shi a motar da yawanci iyali take ɗauka, za ta yi tsalle a kan kwalta har Hajiya ta ƙi shiga, kuma za ta tashi fiye da inci biyun da ka nema.

Me ya sa nake ta nanata inci biyu? Domin a nan iyakar abin da ƙafar gaba take jurewa da kayanta na asali. Prado kullum ƙafa huɗu take ja, shaf ɗin gaba, wato sandar da ke kai ƙarfin injin ga tayar gaba, ba ya hutawa ko a kan kwalta. Da ka ɗaga motar, shaf ɗin ya karkace, robar da ke rufe gaɓarsa ta fara goga kanta, ta tsage, giris ya fita, laka ta shiga. A inci biyu karkatar ba ta da yawa. Daga biyu da rabi zuwa uku, bol-joyin na sama ya kusa ƙarshen juyawarsa, hannun sama yana iya taɓa sifirin, kuma alaimen ba ya komawa daidai, sai ka ji sitiyari ya yi sakayau, motar tana yawo a hanya. Gyaran wannan sai sababbin hannayen sama da aka ƙera musamman, dala 500 zuwa 900 guda biyu. Sai kayan sauko da giyar gaba kaɗan don shaf ya miƙe. A baya kuma sandar da ke riƙe aksul kada ya zame gefe takan ja shi ɓari ɗaya, sai an sa mai daidaituwa, wasu daloli 200 zuwa 350 ke nan. Ga tiyon birki da za a duba ko ya isa idan ƙafa ta sauko gaba ɗaya, ga sandar hana tangaɗi da za a matsar. Incin nan ɗaya na uku yana iya cin kusan abin da biyun farko suka ci.

Na ba ka farashi da dala ne saboda naira ba ta tsayawa wuri guda, ka buga da canjin ranar da za ka saya. Ka ɗora kuɗin jirgi, kayan kuwa ƙarfe ne masu nauyi, ka ɗora na kwastan. Ka ɗora tayoyi biyar, har da safaya, domin motar da ke jan ƙafa huɗu kullum ba ta son taya ɗaya ta bambanta da sauran. Taya mai kyau ta kwalta da daji takan kai dala 200 zuwa 300 kowace. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta, 2423 misali yana nufin mako na 24 a 2023, kada a sayar maka da wadda ta tsufa a shago. Da ka haɗa za ka ga kuɗin kit ɗin bai fi rabin lissafin ba.

Kuɗin aiki shi ne ƙarami a cikinsu, gogaggen bakanike yakan gama a yini guda in kusoshi sun ba da haɗin kai. Inda ake shan mamaki shi ne kusoshin alaimen da ke hannun ƙasa. A motocin Toyota irin wannan sukan yi tsatsa su manne a cikin bushin, musamman motar da ta zauna a ƙasashen da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara. In sun ƙi, sai an yanke, ka sayi sababbin kusoshi da bushin, wani lokaci har hannun gaba ɗaya. Tun da an riga an kwance ƙafar, bol-joyin da tayirod da robar shaf da suka gaji a canza su a lokacin. Waɗannan za ka same su a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, amma shokazoba da sifirin na tokumbo kada ka saya don wannan aiki, gajiyayye za ka musanya da gajiyayye. Ka kuma leƙa baya: wasu manyan samfurin Prado, da 'yar'uwarta Lexus GX470, jakar iska ce a baya maimakon sifirin. In taka haka take, akwai kuɗin kayan mayar da ita sifirin.

Ka tsaya a kan bakanikenka a abubuwa biyu. Kada ya ɗaure kusoshin bushin tamau motar tana kan jak, sai ta sauka ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage cikin 'yan watanni. Kuma ya matse sifirin gaba da abin matsewa na gaske, ba da igiya ko waya ba, sifirin da ya kuɓuce yana iya kashe mutum. Bayan nan alaimen na kwamfuta dole ne, a kuma sauke fitilun gaba kada ka riƙa kashe wa masu tahowa ido.

Doguwar mota tana da saurin kifewa tun ba a taɓa ta ba. A watan Afrilun 2010 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gargaɗi mutane kada su sayi Lexus GX460, wadda gininta ɗaya da Prado mai bin taka, saboda bayanta yana zamewa a kwana mai tsanani. Sai da Toyota ta dakatar da sayar da ita ta gyara manhajar da ke daidaita motar. Wannan sabuwa ce fil daga kamfani. Kai da za ka ƙara mata tsayi, ka rage gudu a kwana, kaya masu nauyi kuma a ciki za su zauna, ba a saman rufi ba.

Da ni ne da motarka, kit na inci biyu mai matsakaicin sifirin zan saya, da tayoyi 265/70R17, da farantin ƙarfe mai kaurin milimita uku ko huɗu a ƙarƙashin injin, wanda mai walda na gari zai iya ƙera maka a Jalingo. In aljihu bai kai ba a bana, fara da sabon sifirin da shokazoba na asali da farantin, tayoyin su jira sai na yanzu sun cinye. Duk wanda ka zaɓa, bayan tafiyar kilomita 500 zuwa 1,000 ka koma gareji a sake bin kusoshin, a sake auna tsayin, domin sabon sifirin yakan ɗan zauna.